Nazarin Lamari: Ɗan Wasan da In'ina ta Rufe wa Baki Shekara Takwas

Wannan nazari ya bi sawun wani ɗan wasan kwaikwayo ne, Ba'amurke baƙar fata, wanda ya yi sama da shekara sittin yana fitowa a dandamali da fina-finai. An bar sunansa a gefe kamar yadda aka saba a irin wannan rubutu, ko da yake wanda ya san harkar fim ba zai sha wahalar gane shi ba. Matsalar da ake dubawa ita ce in'ina mai tsanani da ta kama shi tun yana ƙaramin yaro. Abin da ya shafi ƙuruciyarsa, yawancinsa daga bakinsa aka ji, a hirarrakin da ya yi da kuma littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1993.

## Asali: 1931 zuwa 1936

An haife shi ranar 17 ga Janairu, 1931, a Arkabutla, wani ɗan ƙauye a arewacin jihar Misisifi. Lokacin Amurka na tsakiyar karayar tattalin arziki, Kudu kuma na ƙarƙashin dokokin wariyar launin fata. Mahaifinsa ya bar gida tun yaron bai san shi ba. Mahaifin ya taɓa dambe, ya taɓa tuƙi da aikin gidan masu kuɗi, daga baya ya faɗa wasan kwaikwayo. Mahaifiyar kuma tana fafutukar neman aikin da za ta rufa wa kanta asiri, don haka riƙon yaron ya koma hannun kakanninsa na wajen uwa, manoma masu 'ya'ya da yawa. A gidan ya tashi tamkar autansu.

Yana wajen shekara biyar kakan ya yanke shawarar barin Misisifi. Ba shi kaɗai ba ne, domin tsakanin shekarun 1910 da 1970 baƙaƙen fata kusan miliyan shida suka bar Kudu. Yawancinsu birane suka nufa, irin su Shikago da Detroit, don aikin masana'anta. Shi kuwa tsohon gona ya sani, gona ya nema, ya kuma samu a Dublin, cikin gundumar Manistee ta jihar Mishigan, inda dusar ƙanƙara ke rufe hanya da hunturu.

Ana cikin shirin tafiya aka yi wani abu da yaron bai manta ba har tsufansa. An tsara a bar shi a Memphis wurin kakarsa ta wajen uba, matar da bai saba da ita ba. Aka sa shi a mota aka kai shi. Da ya gane abin da ake nufi sai ya ƙanƙame motar, ya ƙi sauka. Dole aka juyo da shi, ya bi su Mishigan. Amma ya riga ya gane cewa gidan da yake ɗauka nasa ne, ana iya cire shi daga ciki ba tare da an tambaye shi ba.

## Farkon matsalar

Ba a daɗe da sauka a Mishigan ba harshensa ya fara sarƙewa. In'ina takan zo ta fuska uku. Akwai maimaita gaɓa, akwai jan sauti ɗaya ya ƙi ƙarewa, akwai kuma toshewa ɗungurungum, inda baki ke buɗe, wuya ya ɗaure, iska ta ƙi fita. Tasa ta kai matsayin da gabatar da kansa ga baƙon da ya shigo gida ya zama aiki.

A coci abin ya fi yi masa ciwo. A darasin yara na ranar Lahadi akan ba kowa ya karanta nasa sashe da ƙarfi. In layi ya zo kansa ya fara kokawa da kalma, yaran da ke bayansa sai su fashe da dariya har suna faɗuwa. Ba su da wata mugunta ta musamman, yara ne. Amma shi ya ɗauki darasi daga wurin, ba kuma wanda malamin ya zo koyarwa ba.

Shi da kansa ya kawo dalilai biyu. Na farko shi ne girgizar ƙaura da abin da ya faru a Memphis. Na biyu ya shafi kawunsa, autan kakanninsa, wanda ya girme shi da 'yan shekaru kaɗan, suka tashi kamar wa da ƙani. Kawun yana da in'ina tun suna Misisifi, shi kuma yaron yakan kwaikwaye shi. Da abin ya dawo kansa sai ya ɗauka alhaki ne ya kama shi. Mai karatu Bahaushe ba zai ji wannan baƙo ba, ko a nan iyaye sukan tsawatar wa yaro in yana kwaikwayon mai in'ina, su ce kul, za ta dawo maka. Za a dawo kan dalilan nan biyu a ƙarshe.

## Maganin farko, shiru: daga aji ɗaya zuwa sakandare

Maganin da aka fara gwadawa, yaron ne ya ƙirƙiro wa kansa. Ya ja bakinsa ya tsuke. Daga shekararsa ta farko a makaranta har ya shiga sakandare, kusan shekara takwas, da ƙyar ake jin muryarsa a wajen gida.

Ba wai ya zama bebe ba ne gaba ɗaya. A gida yakan yi 'yar magana ta buƙata da waɗanda ba sa jin kunyar in'inarsa. A gona kuwa bakinsa a sake yake. Yana kiran aladu, yana kiran shanu da kaji, yana hira da kare, yana magana shi kaɗai. Ya ce dabbobi ba ruwansu da yadda kalma ta fito, muryar kawai suke son ji. A makaranta malamai suka bar shi ya riƙa nuna abin da ya koya a rubuce. Jarrabawa a rubuce, amsa a rubuce, har ya haye aji bayan aji ba tare da ya buɗe baki ba.

Sakamakon da aka gani a ƙarshen waɗannan shekaru shi ne: dariyar ta ragu, tunda ba abin da za a yi wa dariya. Karatu bai tsaya ba. Ya zama mai saurare ƙwarai, abin da ya riƙa ambata daga baya a matsayin ribar da ya samu. Ya kuma fara rubuta waƙoƙi a ɓoye. In'inar kuwa tana nan inda ya bar ta, tsoron magana a gaban mutane ya ma ƙaru, don yanzu ya zama saurayi kuma kowa a makaranta ya san shi da shiru.

## Ranar waƙar garehul

Sakandaren da ya shiga tana garin Brethren, ƙaramar makaranta ce ta 'ya'yan manoma. A can ya haɗu da malamin Turanci, Donald Crouch, tsohon farfesa da ya yi ritaya ya koma noma a yankin, sannan son koyarwa ya sake jawo shi aji. Crouch mutum ne mai son waƙa, yana kuma da ra'ayin cewa waƙa ba a yi ta don ido ba, don kunne aka yi ta. Sai ya ba ɗalibai aikin rubuta waƙa.

A lokacin gwamnati takan raba rarar abinci ga jama'ar karkara. Cikin abin da ya iso Mishigan a tsakiyar sanyi har da garehul daga Fulorida, babban lemon nan mai ɗan ɗaci. Ga yaron da ke zaune cikin ƙanƙara, wannan abin mamaki ne, sai ya rubuta waƙar yabon garehul. Ya ɗora ta a kan karin wata doguwar waƙa ta Longfellow, mawaƙin Amurka na ƙarni na 19, kari mai gaɓa takwas a kowane layi, ana danna gaɓa ɗaya a sassauta ta gaba, bugu iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Yana wajen shekara 14.

Malam ya karanta, ya kira shi. Ya ce waƙar ta yi kyau, ta ma yi kyan da ya sa yake shakkar ko shi ya rubuta ta. In dai tasa ce, hanya ɗaya ce ta tabbatarwa: ya miƙe a gaban aji ya kawo ta da ka.

A duba halin da aka sa shi. Shekara takwas yana gudun wannan tsayuwar. In ya ƙi, ya amsa sunan ɓarawon waƙa. In ya yarda, ga dariyar coci tana jiran sa. Zafin zargin ya rinjayi tsoron. Ya miƙe jiki na rawa, ya buɗe baki, layi na farko ya fito. Na biyu ya biyo. Ya kai ƙarshen waƙar harshensa bai sarƙe ko sau ɗaya ba. Ɗalibai suka yi tsit, shi ma bai san daga ina abin ya fito ba.

An kuma gano wani abu a ranar. A shekarun da ya yi shiru muryarsa ta fashe ta zama ta manya, mai kauri da zurfi, ba wanda ya sani sosai, har shi mai ita. Crouch ya ja masa kunne tun da wuri: kada ya kuskura ya fara sauraron daɗin muryar kansa, don ranar da ya fara, wasu za su daina saurarensa.

## Maimaici: sauran shekarun sakandare, zuwa 1949

Washegari in'ina ba ta tafi ko'ina ba. A hira ta yau da kullum tana nan. Abin da ya canza shi ne an gano ƙofa ɗaya da ke buɗewa, malamin kuma bai bari ta rufe ba. Ya tura shi karatun waƙa a bainar jama'a, ya sa shi a ƙungiyar muhawara da gasar iya jawabi. Yaron ya riƙa haddace waƙoƙin Edgar Allan Poe da sassan wasannin Shakespeare, yana karanta su da ƙarfi shi kaɗai a gona kafin ya kai su gaban mutane.

Muhawara ta fi waƙa wuya, don dole ka mayar wa abokin hamayya martani da kalmomin da ba ka haddace ba. Duk da haka ana shiga da shiri, an san batun, an tsara hujjoji. Ita ce matakala tsakanin rubutacciyar magana da sakakkiya. Kafin ya gama makaranta a 1949 ya ci gasar jawabi, ya zama mataimakin shugaban ajinsu, ya kuma samu tallafin karatu zuwa Jami'ar Mishigan.

## Jami'a da soja: 1949 zuwa 1955

Likitanci ya shiga karantawa. Bai yi nisa ba ya gane ba hanyarsa ba ce, ya koma sashen wasan kwaikwayo. Ya kuma shiga shirin horar da hafsoshi na jami'a, inda ya yi fice a fareti. Ana yaƙin Koriya, yana sa ran can za a tura shi. Yana jiran takardar kira ne ya kama aikin kafinta a bayan dandamali a gidan wasa na Ramsdell da ke Manistee, kusa da gida.

An tsagaita wuta a Koriya a Yulin 1953, don haka bai je ba. Ya yi horo a Fort Benning da ke Jojiya, aka tura shi Camp Hale cikin duwatsun Kolorado, wurin horon yaƙi a cikin sanyi. Ya fita da muƙamin laftanar, ya karɓi digirinsa a 1955. Ya koma Ramsdell yana wasa yana kuma kula da dandamali, a nan ya fara fitowa a matsayin Othello, jarumin wani wasan Shakespeare.

## Niyok, da wani dare a 1958

Ya tafi Niyok ya shiga makarantar American Theatre Wing da kuɗin tallafin tsofaffin sojoji. A can ya zauna kusa da mahaifinsa, wanda a lokacin aiki ya yi masa wuya saboda an sa sunansa cikin jerin 'yan wasan da ake zargi da ra'ayin gurguzu. Uba da ɗa suka riƙa goge daɓen gidaje don samun na abinci. Ya yi aikin shara a ƙananan gidajen wasa, yana zuwa gwaji ana ɗauka ana bari.

A Janairun 1958 ya samu fitowa a Broadway, unguwar manyan gidajen wasa, a gidan wasa na Cort. Wasan a kan Franklin Roosevelt ne da yadda ya yi fama da shan-inna kafin ya zama shugaban ƙasa. Shi hadimin gida aka ba shi, layukansa 'yan kaɗan. Ɗaya daga ciki shi ne ya shigo ya sanar da uwar gida cewa abincin dare ya sauka, layin kuma da "Misis Roosevelt" yake farawa.

Wani dare ya shigo, ya haɗa leɓɓa zai furta harafin farko, sai ya maƙale. Mim ɗin ya ƙi sakin sa. Leɓɓa a rufe, sauti na fita ta hanci, kalmar ta ƙi gaba. Gidan cike da 'yan kallo. Mary Fickett, wadda ke fitowa a matsayin matar Roosevelt, ta tsaya cak tana kallon sa. Ba ta karɓe masa layin ba, ba ta yi kamar ba ta ji ba ta wuce. Ta jira har kalmar ta fito, wasa ya ci gaba.

Wannan ya faru fiye da shekara goma bayan ranar waƙar garehul, kuma a kan layi haddatacce, wanda ya sha faɗa a baya lafiya lau. Abin lura a nan, layin gajere ne, ba kari, ba doguwar magana da za ta ɗauke shi, ga shi kuma ana shigowa da shi ne daga bayan labule bayan dogon jira. Bai bar aikin ba. Washegari ya sake shigowa ya faɗi layin.

## Shekarun dandamali: 1961 zuwa 1970

Daga nan aiki ya fara zuwa a jere. A 1961 ya fito a wani wasa na Bafaranshe Jean Genet tare da Cicely Tyson da Maya Angelou da Louis Gossett Jr., dukkansu kafin su yi suna. Ya daɗe yana aiki da Joseph Papp, mai shirya wasannin Shakespeare kyauta a lambun Central Park, inda ya sake yin Othello a 1964. A shekarar ce kuma ya fara fitowa a fim, a hannun darakta Stanley Kubrick, a matsayin ɗaya daga cikin ma'aikatan jirgin yaƙi mai ɗauke da bam ɗin nukiliya.

Shakespeare ya dace da shi ta wata fuska da ba kowa ke lura ba. Yawancin maganganun manyan jaruman waƙa ce mai ma'auni, gaɓa goma a layi. Wato abin da ya taimake shi a aji yana ɗan shekara 14, shi ne kayan aikinsa na kullum a yanzu.

Abin da ya ɗaga shi sama shi ne wani wasa da aka gina a kan rayuwar Jack Johnson, baƙar fata na farko da ya riƙe kambun damben duniya ajin masu nauyi, a 1908. An fara shi a Washinton a ƙarshen 1967, ya koma Broadway a Oktoban 1968, aka yi shi sama da sau 500. Ya aske kansa ƙwal, ya yi horon 'yan dambe, yana ruri yana dariya yana kuka a dandamali sau takwas a mako, kamar yadda tsarin Broadway yake. Ya ci kyautar Tony, babbar lambar yabo ta wasan dandamali a Amurka, a 1969. Da aka mayar da wasan fim a 1970, aka sa shi takarar Oscar ta gwarzon jarumi, baƙar fata na biyu da ya kai nan bayan Sidney Poitier.

## Murya ba fuska: 1969 zuwa 1994

A 1969 masu shirya wani sabon shirin talabijin na yara, Sesame Street, suka ɗauke shi yana karanta haruffan abacada. Ya kafe kyamara da ido, yana faɗin harafi ɗaya, ya yi shiru, sannan na gaba. Masu binciken shirin sun lura cewa shirun nan yana ba yara damar rigan sa faɗin harafin, abin da ya sa suke saurin kamawa.

A 1977 George Lucas yana neman murya ga mugun da ke cikin fim ɗinsa, Star Wars, mai sanye da baƙin sulke. Wanda ke cikin baƙin sulken Bature ne ɗan Ingila, David Prowse, amma muryarsa ba ta dace ba. Aka kira wannan ɗan wasa, ya karanta layukan cikin 'yan sa'o'i, aka biya shi dala 7,000. Ya ce kada a sa sunansa, don a ganinsa aikin na mai sulken ne. Sai a fim na uku, a 1983, sunan ya fito. A 1987 ya ci Tony ta biyu a wani wasa na August Wilson, a matsayin mai kwasar shara da wariya ta hana shi zama tauraron wasan ƙwallon baseball. A 1991 ya ɗauki Emmy, lambar yabo ta talabijin, har biyu a shekara ɗaya. Muryarsa ce ke sanar da sunan tashar CNN tsawon shekaru, ita ce kuma ta uban zakuna a The Lion King na 1994, wadda yara da yawa a nan suka sani ba su san mai ita ba.

Aikin murya a ɗakin ɗauka yana da sauƙi biyu ga mai in'ina. Takarda na gabanka, in kuma ka yi tuntuɓe a sake ɗauka.

## Shekarun ƙarshe: 1996 zuwa 2024

A wani fim na 1996 da ya yi da Robert Duvall, ya bar in'inar ta bayyana a bakin mutumin da yake wasa a matsayinsa, ɗan sanda mai ɗan sarƙewar harshe. Ba don ban dariya ba, halin mutumin ne kawai. Wannan ya sha bamban da yadda aka saba a fina-finai, nasu da namu, inda mai in'ina shi ne wanda ake shigo da shi don a yi dariya.

Bai bar dandamali ba. A Nuwamban 2011 yana wasa a Landan tare da Vanessa Redgrave aka kawo masa Oscar ta girmamawa har kan dandamali. A 2015, yana da shekara 84, ya sake haɗuwa da Cicely Tyson a Broadway a wasan mutum biyu. A 2022 aka sauya wa gidan wasa na Cort suna zuwa nasa. A shekarar ce kuma aka ji ya amince wani kamfanin Yukiren, Respeecher, ya yi amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen sake gina muryarsa daga tsofaffin faifai don ci gaba da Star Wars. Ya rasu ranar 9 ga Satumba, 2024, a gidansa da ke jihar Niyok, yana da shekara 93.

Game da in'inar, har cikin shekarunsa na tamanin in an tambaye shi yakan ce shi bai warke ba, aiki kawai yake yi da ita. A hirar da ba a rubuta ba akan ji yana jinkiri, yana zaɓen kalma, wani lokaci yana maƙalewa.

## Hukunci: me ya yi aiki, me bai yi ba

A fara da dalili. Masana sun nuna cewa kusan yara biyar cikin ɗari sukan yi in'ina a wani lokaci, yawanci tana farawa tsakanin shekara biyu zuwa biyar ko shida, kuma mafi yawansu takan bar su da kanta. Kusan mutum ɗaya cikin ɗari ne ke girma da ita, maza sun ninka mata wajen sau huɗu. Tana bin jini, har an gano wasu ƙwayoyin halitta masu alaƙa da ita a binciken da aka yi kan manyan iyalai a Pakistan da Kamaru. In aka ɗora wannan a kan lamarinmu, kawun nan mai in'ina ba alhaki yake nunawa ba, gado yake nunawa. Kwaikwayo ba ya sa in'ina. Ƙaurar kuma ta faɗo ne daidai shekarun da matsalar ke ɓullowa. Tashin hankali yana iya tsananta ta, amma a ce shi ya haife ta, hujjar ba ta kai ba.

Shiru bai yi magani ba, kuma a ganina shi ne ɓangaren da ya fi cin sa. Malaman firamare sun yi masa alheri da suka karɓi amsa a rubuce, ba don haka ba da karatun ma ya lalace. Sai dai alherin ya zo da tsada. Duk ranar da mai in'ina ya kauce wa magana yakan ji sauƙi nan take, sauƙin kuma shi ke koya masa ya sake kaucewa gobe. Shekara takwas aka yi ana wannan, ga shi kuwa alama tana nan a fili tun farko: yaron da ke magana tiryan-tiryan da shanu, harshensa ba a mace yake ba.

Abin da ya faru a ajin Crouch ba mu'ujiza ba ce, abubuwa ne sanannu suka haɗu wuri ɗaya. Masu in'ina da yawa ba sa yin ta in suna rera waƙa, ko suna karatu tare da wasu baki ɗaya, ko suna bin bugu mai tsari. An kuma san cewa in mutum ya maimaita karanta rubutu ɗaya sau da yawa, sarƙewar takan ragu. Wanda ya zauna a makarantar allo ya ga irin wannan: yaro ya kawo haddarsa da ƙira'a ba gargada, a tambaye shi sunan unguwarsu ya tsaya yana kokawa. Waƙar garehul ta haɗa duka. Kalmomin nasa ne, ya san su ciki da waje, suna da kari, ba ya neman abin da zai faɗa yana cikin faɗa. Wasan kwaikwayo kuma sana'a ce da aka gina kacokan a kan wannan yanayi: rubutu a hannu, makonni ana gwaji, numfashi a tsare, kana magana da bakin wani. Ba shi kaɗai ya bi ta nan ba, Bruce Willis da Emily Blunt duk sun faɗi cewa wasan makaranta ne ya sassauta musu tasu.

Iyakar hanyar ma a bayyane take. Daren 1958 ya nuna hadda ba garanti ba ce, hirarrakinsa na tsufa sun nuna sauƙin dandamali bai bi shi gida gaba ɗaya ba. Abin da ya samu shi ne fili mai faɗi da zai yi magana a ciki, da kuma daina gudu in harshen ya tsaya. A wannan na biyun, abin da Mary Fickett ta yi, wato jira ba tare da ƙarasa masa kalma ba, shi ne daidai abin da masu koyar da magana ke roƙon iyaye da malamai su yi.

Saura dabarar malamin. Ita aka fi yayatawa don ta fi daɗin labari, ita ce kuma ba zan ba kowa shawarar ya kwaikwaya ba. Zargin yaro da sata a tsayar da shi gaban aji caca ce. Da ya maƙale a layin farko, da wataƙila shirun ya ƙara wasu shekaru, ba kuma wanda zai rubuta labarin. Crouch ya ci cacar ne don ya san waƙar na da kari, ya san yaron ya haddace ta, ya kuma tsaya tare da shi bayan an tashi daga aji. Ranar waƙar 'yan mintoci ce. Muhawara da gasar jawabi da karatu da ƙarfi a gona sun ɗauki sauran shekarun sakandare, daga nan jami'a da makarantar wasa suka karɓa, sannan dandamali sau takwas a mako.